Zanena ya cika intanet amma ciniki ya ƙi, Anti ina mafita?

"Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce, ina gaban iyayena a Badarawa, nan Kaduna. Na gama difloma aiki bai samu ba, sai nake yi wa amare ƙunshi a ƙarshen mako. Bara na ga bidiyon wani yana cewa ana samun dala idan aka ɗora zane a Redbubble da TeePublic: naka zane ne kawai, in wani ya saya su za su buga a riga ko kofi, su aika masa, su ba ka ribarka. Na shiga da ƙarfina. Yanzu ina da zane sama da 300, yawanci kalaman barkwanci ne na Turanci da hoton kyanwa, irin waɗanda na ga suna tafiya. Na yi na ƙungiyoyin ƙwallo ma, amma an cire su. Duk abin da na sayar bai kai kuɗin datar da na ƙona ba. Mama ta ce in sayar da kwamfutar in sayi keken ɗinki. Ga wani a WhatsApp yana sayar da kwas na naira 40,000, ya ce in na ƙara kuɗi zai samo mini asusun Amazon mai rajistar Amurka. Anti, in saya ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ji daɗi da kika tambaya tun ba ki tura wa mutumin nan ko sisi ba. Kada ki sayi asusun. Kuɗin kwas ɗin ma ki riƙe abinki. Maganar sayar da kwamfuta kuwa a ɗan jingine ta, zan zo kan Mama.

Asusun da aka yi wa rajista da sunan wani, da adireshinsa, da lambar harajinsa, ba naki ba ne ko da ke kika biya. Ranar da ciniki ya buɗe kuɗi suka taru, kamfanin yana iya cewa a kawo katin shaida. Fuskar wa za ki nuna? In sun rufe asusun, wahalarki ta tafi da shi. In ba su rufe ba, mai sunan ya fi ki iko da kuɗin, kuma babu inda za ki kai ƙara. Ga ha'inci a ciki, kin ce ke ce wadda ba ke ba, ni kuwa ba na so ki gina sana'a a kan haka. Shiga Amazon Merch on Demand, wato sashen Amazon mai buga zanen mutane a riga, kyauta ake nema: ki cike takarda da sunanki na gaskiya, su duba, su karɓa ko su ƙi. Wanda suka karɓa ma da gurbin zane 10 yake farawa, sai ya yi ciniki a ɗaga shi zuwa 25, sannan 100, sannan 500. Shi kuwa mai kwas, ki ce ya turo miki adireshin shagonsa ki shiga ki gani da idonki. Hoton allon waya mai nuna daloli ba shaida ba ne, yaro ma zai iya haɗa shi. Ban ce duk mai koyarwa macuci ne ba, amma wanda ya haɗa miki darasi da asusun bogi ya riga ya nuna miki halinsa, banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da zai karanta miki yana nan kyauta a shafukan taimako na kamfanonin.

Yanzu mu yi lissafi, don shi ne masu bidiyon nan ke tsallakewa. Redbubble kamfanin Ostireliya ne da aka kafa a 2006, kuma a 2018 ya sayi TeePublic, wato shagunanki biyu duk na gida ɗaya ne. A Redbubble kowane kaya yana da farashin tushe, wanda ya ƙunshi kuɗin rigar da bugun da rabon kamfani. Ke sai ki ɗora ribarki a kai, a ce kashi 20 cikin 100. A ce tushen riga dala 20 ne, naki dala 4. A ce sitika dala 2 ce, naki santi 40. Tun 2023 kuma suka raba masu zane gida uku, Standard da Premium da Pro, kuma 'yan rukunin farko, inda sababbi suka fi yawa, ana sake yankar musu kuɗin asusu daga ɗan abin da suka samu. Kafin ki ce za ki ƙara riba, ki buɗe shafinsu na kuɗaɗe ki karanta tsarin da ake kai a ranar, don suna sauya shi. A TeePublic ba ke kike yanka farashi ba. An san su da biyan dala 4 a kan riga, dala 2 in ana rangwame, suna kuwa yawan yin rangwamen, sabon zane ma da shi yake farawa a kwana ukun farko. Waɗanda suka jefa ƙaramin rukuninsu mai suna Apprentice ƙasa da haka suke karɓa. Ke nan kafin dala 100 ta shigo hannunki a wata, sai mutum 25 zuwa 50 sun zaɓi rigarki sun bar ta wasu. Ana samun haka, amma sai an san wa ake yi wa zanen.

Nan ne matsalarki take. Wa zai sa rigar kyanwar nan? Ki rufe ido ki gaya mini shekarunsa, garinsu, abin da ya sa ya buɗe waya yana neman riga a daren. Ba za ki iya ba, don ba ki san shi ba, kin dai ga wasu suna yi kin bi sahu. Kamar ki kama rumfa ce a can ƙuryar Kasuwar Sheikh Gumi, ki zuba kayan da duk 'yan bakin ƙofa suke da shi: mai saye ya gama cinikinsa tun kafin ya iso layinki. Haka injin binciken shafukan nan yake aiki. Idan Ba'amurkiya ta rubuta sunan kyanwa, zanen da ya riga ya yi ciniki shi ake fara nuna mata, naki yana can shafi na nawa-nawa inda ba mai leƙawa. Ga kuma masu zubo hotunan da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, dare ɗaya mutum ya ɗora abin da ke sai ki yi wata ba ki gama ba. Ta wajen yawa ba za ki kamo su ba, kada ma ki fara. Barkwancin kuwa na mutanen wata ƙasa ne, kafin ya iso gare ki ki mayar da shi zane, su sun gama dariyarsa sun wuce.

Na ƙungiyoyin ƙwallo da aka cire, ki gode Allah da abin ya tsaya nan. Tambarin Arsenal ko Chelsea, sunan ɗan wasa da fuskarsa, 'yan tsanan Disney, alamar Nike, duk dukiyar masu su ce, kuma suna da masu bin shafuka suna kai ƙorafi. Akwai dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA, wadda ta sa shafi yake gaggawar sauke aiki da zarar mai haƙƙi ya yi magana, wanda kuma aka yi ta kamawa a rufe masa asusu. Yau ɗin nan ki bi shagunanki ki goge duk abin da ke da ƙamshin kayan wani. Har kalma ko jimla da kike gani ta kowa ce, wani yana iya yi mata rajista don bugawa a tufafi, saboda haka kafin ki buga rubutun Turanci ki neme shi a shafin USPTO, hukumar rajistar alamun kasuwanci ta Amurka, binciken kyauta ne. Salon haruffa ma yana da mai shi. Na Google Fonts an yarda a yi kasuwanci da su. Hotunan cikin manhajar zane ta Canva kuwa ba a ɗauko su yadda suke a manna a riga a sayar, ki karanta sharaɗinsu. Sauran tsofaffin zanenki masu tsabta ki bar su, ba sa cin abinci. Ki dai duba waɗanne ne aka taɓa saya ko aka danna musu alamar so, akwai labari a ciki.

Abin da ya tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne ƙunshin nan da kika ambata a gurguje kika wuce, kamar ba komai ba. Ƙanwata, hannun da amarya za ta miƙa wa ƙafa da hannu ana jibi ɗaurin aurenta, ta zauna awa uku ba motsi don ta yarda da shi, wannan hannun ya iya zane. Shi ne jarinki. Mai zane a Amurka zai iya kwaikwayon kyanwa, amma bai taɓa jan fulawa daga wuyan hannu ta gangaro ta naɗe yatsar tsakiya ba, bai san yadda ake yanka salatif a fitar da kusurwoyin jan lalle ba.

Ki samu farar takarda mai kauri da baƙar maka mai siririn baki. Ki zana fulawar da amare suka fi roƙonki, a natse, kamar a fatar mutum kike yi. Da hantsi ki kai ta bakin taga, ki riƙe waya daidai saman takardar, kada ki kunna fitilar kyamara, ki ɗauka. Akwai manhaja kyauta mai suna Inkscape da ke bin hoton ta mayar da shi layuka, yadda ko kin faɗaɗa shi ya kai girman labule ba zai dushe ba. Ki cire farin bayan, ki adana shi a PNG, nau'in hoton da ke zama ba farin baya. Girman fiksel 4500 a faɗi da 5400 a tsawo shi Amazon ke nema a riga, in kin yi a haka zai yi miki aiki a sauran wuraren ma. Sai ki kula da abin da sababbi ke tuntuɓe da shi: siririn layin nan kamar gashi da ke ƙawata bayan hannu, a jikin yadi ɓacewa yake yi, don haka ki ƙara masa kauri, ki buɗa tsakanin ɗige-ɗigen. Kowane zane ki yi masa kala biyu, mai haske don baƙar riga, mai duhu don fara. Launin da kike gani yana sheƙi a allo, a auduga ya fi haka laushi. In kin ɗora, kada ki danna ki tashi. Ki bi kayan ɗaya bayan ɗaya: a kofi ko fulawar ta shige ƙarƙashin mariƙi, a murfin waya ko ramin kyamara ya cinye tsakiyarta. Na salatif ɗin nan mai kusurwa-kusurwa ya fi dacewa a jera shi yana maimaita kansa, a gyale da matashin kujera da bangon littafin rubutu. Zane goma da aka yi wa wannan hidimar sun fi ɗari da aka watsa.

Ba ƙunshi kaɗai ba. Dagin Arewa yana nan a ƙofofi da bangaye duk inda kika waiga. Ga aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga aikin hular zanna, ga zanen bangon gidajen cikin birnin Zariya, ga na bayan ƙwarya, ga dokin hawan sallah da kayan adonsa, ga kadan da garin nan ya samo suna daga gare shi. Ki je gidan tarihi da ke kan titin Ali Akilu ki tsaya gaban kawunan Nok, waɗanda aka fara tonowa a 1928 a kudancin jihar nan, ki kalli yadda aka huda idanun. Ki tafi da littafi ki zana da hannunki, kada ki ɗauko hoton da wani ya ɗauka ki bi layinsa, shi ma haƙƙinsa ne. Garin nan fa ya san zane a kan yadi. Tun 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, wasu suka biyo baya, a irin su UNTL ake buga atamfar da iyayenmu suka ɗaura, kuma mutane ne suke zama su fitar da fulawar kafin inji ya buga. Duk sanda na bi ta Kakuri na ga gine-ginen nan shiru, raina yana ɓaci. Shi ya sa in na ga yarinya a Kaduna mai hannun zane ba na son ta yar da shi.

To su wa za su saya? Ba 'yan Badarawa ba, kuɗin aiko da riga ɗaya daga Turai ya isa a ɗinka miki atamfa. Na farko su ne namu da ke zaune a waje: 'yan Arewa, 'yan Nijar, Hausawan zangon Gana, a Landan da Manchesta da Atlanta da Toronto. Ki tuna da uwar da ta haihu a can, tana son ta sa wa ɗanta rigar da aka rubuta "Autan Mama" ta tura wa kaka hoto. Ki tuna da magidancin da zai so kofin shayinsa na ofis ya ce "Ina kwana", ko ɗalibar da za ta manna "Ba komai" a bayan kwamfutarta. Waɗannan kin san su, kin san abin da zai sa su murmushi, da ɗan gari akan ci gari. Sai dai in gaya miki gaskiya, ba su da yawan da za su riƙe shago su kaɗai. Don haka ki faɗaɗa: Musulmin Ingila da Amurka da Kanada masu neman kyautar sallah, matan Indiya da Pakistan da Larabawa da su ma lalle al'adarsu ce, baƙaƙen fatar Amurka masu son adon Afirka, da tarin ma'aikatan jinya 'yan Najeriya da ke asibitocin can. Ki zaɓi biyu daga ciki ki zauna a kansu. Shagon da mutum zai shiga ya ga komai ɗan gida ɗaya ne, shi ake komawa.

Ga wani abu da nake so ki riƙe da hannu biyu. Idan kika ɗora zane a Redbubble, baza shi yake a kan kaya iri-iri, ciki har da safa, da tabarmar ƙofar banɗaki, da labulen wanka, da matsattsen wando, da shimfiɗar kare. In zanen yana ɗauke da sunan Allah ko salati ko wani abu na Alƙur'ani, kin ga inda zai je. A nawa ganin, aya kada ma ta hau tufafi. Rubutun Larabci ko ajami mai ambaton Allah ki bar shi a allon bango da kati, sauran kayan ki bi ki kashe su da hannunki kafin ki wallafa. "Barka da Sallah" da jinjirin wata da fitila sun isa riga.

Sunan zane da kalmomin nema su ne ke kawo mai saye, kuma a nan ne mutanenmu ke kasala. Da Turanci za ki rubuta tunda da shi ake bincike, ki faɗi mene ne zanen, kuma na wa ne: lalle ne, na Hausa ne, na amarya ne, kyautar sallah ce. Kalmomi irin su "henna" da "Hausa" da "Arewa" da "Eid" su shiga inda suka dace. Ki yi gwaji da kanki: rubuta sunan kyanwa a akwatin bincike ki ga yawan abin da zai fito, sannan ki rubuta "Hausa" ki gani. Inda ake nema amma kaya ba su yi yawa ba, nan ne wurinki. Kada ki cusa sunayen mawaƙa da ƙungiyoyi don jan mutane, yana jawo a hukunta shago. In kuma Hausa za ki buga a riga, ki tabbata salon haruffan yana da ɓ da ɗ da ƙ, da yawa ba su da su, sai ki ga akwati ya fito a tsakiyar kalma. Dangin haruffan Noto suna da su.

Ciniki a can yana da lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Zanen kowane biki ya hau shafi wata biyu ko uku kafin ranar, don injin bincike ya san da shi, mai saye kuma ya samu lokacin da kaya za su iso shi. Kakar cinikin ita ce Oktoba zuwa Disamba, musamman Juma'ar rangwamen da suke kira Black Friday, wadda ke bin Alhamis ta huɗu a Nuwamba, har zuwa Kirsimeti. Watan tarihin baƙar fata Fabrairu ne a Amurka, Oktoba a Birtaniya. Ranar uwa a Amurka Lahadi ta biyu ce a Mayu, ta Ingila galibi a Maris take faɗowa. Ranar ma'aikatan jinya 12 ga Mayu, Ranar Hausa ta Duniya 26 ga Agusta, ta 'yancin Najeriya 1 ga Oktoba. Azumi da sallah kuwa kin fi ni sani, kayansu tun Rajab ake ɗorawa. Ki rubuta waɗannan a kalanda ki manna a bangon ɗakinki.

Kuma kada ki zauna jiran shafin ya kawo miki mutane. Ki jingine waya ki ɗauki bidiyon hannunki yana jan fulawa a takarda, daga ɗigon farko har ta cika, a ƙarshe ki nuna ta a jikin kofi. Mutane suna son kallon hannu yana aiki, kuma shi ne shaidar cewa ba inji ya yi ba. Ki sa a TikTok da Instagram, ki ba Pinterest muhimmanci don a can hoto yana daɗewa ana tuntuɓe da shi. Fuskarki ba sai ta fito ba. Hannun amarya kuwa sai da izininta.

Hanyar karɓar kuɗi ki gyara ta tun yanzu. TeePublic yana biya ta PayPal ko Payoneer. Redbubble ta PayPal ne ko asusun banki na wasu ƙasashe. PayPal ya shigo Najeriya a 2014, ya kuma shafe shekaru yana barin mutanenmu su tura kuɗi ban da karɓa, shi ya sa masu sana'ar intanet a nan suka saba da Payoneer, wanda ke ba mutum lambar karɓar dala da fam da yuro da sunansa, ya juyo su bankinsa na naira, bayan sun cire ladarsu. Sunan da ke katin shaidarki shi zai zama a ko'ina, harafi da harafi. In Allah Ya sa Amazon sun karɓe ki, za ki cike takardar haraji ta W-8BEN, kuma tunda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, kashi 30 cikin 100 na ribar cinikin Amurka ake riƙewa, ki sa shi a lissafi. Za ki ji ana zuga wata kasuwar intanet mai suna Etsy. A can ke ce mai shago: ki haɗa da masu bugu irin su Printful ko Printify, ki biya santi 20 a kan kowane kaya duk wata huɗu, a cire kashi 6.5 a kowane ciniki, kuɗin bugun ma daga katinki yake fita, kuma ba kowace ƙasa suke bari a buɗe shago ba. Wannan ba na yanzu ba ne.

Mu koma kan Mama. Ba ta yi laifi ba. Shekara guda tana ganin 'yarta ta raba dare a gaban allo in an kawo wuta, ido ya yi ja, ba ta ga ko kuɗin omo ba. Keken ɗinkin da ta ambata sana'a ce da ta ga ta rufa wa mata asiri, ƙauna ce ta sa ta faɗa. Kada ki yi mata bayanin dala, ki zauna kusa da ita bayan isha'i ki ce, "Mama, na gane inda na yi kuskure, ki ba ni wata shida." Ki sayi ƙaramin littafi, gefe ɗaya abin da ya fita na data da cajin kwamfuta, gefe ɗaya abin da ya shigo, duk ƙarshen wata ki buɗe mata. Ki yanke wa data iyaka daga kuɗin ƙunshi, kada ki ci bashi saboda ita. In wata shidan sun haɗa da Oktoba zuwa Disamba ya fi, don a nan ne za a ga gaskiyar shagon. In sun cika littafin bai motsa ba, ki rage wa shafukan nan lokaci ba tare da jin kunya ba, zanen da ke kai yana nan yana jiran mai saye.

Amma ina kyautata zaton kuɗin da Mama za ta fara gani ba daga Amurka zai zo ba. Amaryar da ke zaune gabanki da lalle a ƙafa, wa ya zana mata katin gayyata? Wa ya yi mata memo da jaka da kofi da sitikar da za a raba wa 'yan biki? Wani ta biya, kuma sau da yawa hoton da kowa ya gaji da gani aka ɗauko mata. Ke kuwa kina iya cewa, "Fulawar nan da na yi miki a hannu, ita zan sa miki a kofunan da jakunkunan, da sunanku a ƙasa." Ban ga amaryar da za ta ƙi saurara ba. Bayan amare ga walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyyu, ga ɗaliban Kadpoly da KASU masu buga rigar gama karatu, ga 'yan ƙwallon unguwa, ga taron zumuncin dangi bayan sallah. Wannan ma bugu ne bayan an yi oda, irin wanda kike yi a intanet, sai dai a nan ke kike yanka farashi, kuma babu mai yankar miki kaso.

Ba sai kin sayi inji ba. Masu buga riguna da kofuna suna nan cikin gari. Ki zagaya wurin biyu ko uku, ki tambayi farashin DTF, wanda ake buga zane a leda a gasa shi a jikin riga, ya fi dacewa da oda kaɗan mai launi da yawa, da na sikirin, wanda ya fi sauƙi in rigunan suna da yawa launin kuma ɗaya ne ko biyu. Ki ba kowa zane iri ɗaya ya buga miki gwaji, ki kai gida ki wanke, ki shanya a rana, ki sake wankewa, ki ja yadin ki ga ko bugun zai tsage. Wanda nasa ya jure, shi ne abokin aikinki. Rigar gwajin kuma ta zama abin nuna wa amare da abin ɗaukar bidiyo. Kada ki fara aikin kowa sai ya ba da kuɗin kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kaya da bugu, ko da 'yar ƙawar Mama ce. Kafin a buga ki tura hoton a WhatsApp, ta duba sunaye da kwanan wata ta rubuto miki cewa ta amince, don in an buga kofi 200 da kuskuren harafi a sunan ango, a wuyanki zai kwana. A farashi ki ware ladar zane daban da kuɗin bugu, kowa ya san hannunki ma biyansa ake yi. Mai bugu kuma ki ba shi hoton aikin da sunayen ma'auratan a jiki, asalin fulawar ta zauna a kwamfutarki, ki yi mata ajiya ta biyu a filashi.